Ƙasar Birni Ce Ke Zaɓen Abin Da Zai Tsiro

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano a watan Agusta, ya tsaya bakin fulotin da mai shi ya jera wa bulo layi biyu ya tafi neman kuɗin gini, zai tarar wurin ya yi kore shar. Daga nesa sai a ɗauka daji ne ya dawo. In aka matsa kusa aka fara kiran ciyayin da sunayensu, lissafin ba shi da tsawo. Tafasa ce ta fi yawa, sai rai-ɗore, sai kashin yawo mai maƙale wa akuya a kofato, sai namijin zaƙi-banza a kan tsohon juji, sai 'ya'yan darbejiya da suka fito a jere a gindin katanga inda tsuntsaye ke sauka. Rani na shigowa, kwarko mai ƙaya da furen rawaya ya karɓi wurin. Haka abin yake a Zariya da Katsina, haka a Maraɗi da Damagaram.

A cikin shidan nan babu ɗaya da asalinsa na ƙasar Hausa ne. Tafasa da rai-ɗore da kashin yawo da namijin zaƙi-banza daga yankunan zafi na nahiyar Amurka suka fito, kwarko daga Meziko, darbejiya kuwa daga wajajen Indiya. Wasunsu sun daɗe ƙwarai, har sun shiga kwaɗo da magani. Abin tambaya shi ne yadda aka yi su kaɗai suke cin kasuwa a kowane kango, alhali gamba da gawo da ɗorawa da marke, waɗanda suka shafe dubban shekaru a wannan yanayi, sun kasa leƙowa. Ruwan sama ɗaya ne, rana ɗaya ce. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa ce ta canza, kuma mutanen birni ne suka canza ta.

Ƙasar jigawar da Kano ke zaune a kai mai yashi-yashi ce, mai ɗan tsami kaɗan, ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa, kuma sinadarin fosfaras ya yi mata ƙaranci. Tsirran gida a kan wannan talauci suka ginu. Ba sa gaggawar girma. Sukan fara tura saiwa ƙasa kafin su ɗaga kai, shi ya sa ɗan gawo mai tsawon taƙi ɗaya kan riga ya aika saiwarsa nesa neman danshi. Sannan suna da abokan hulɗa da ido ba ya gani. Gawo da bagaruwa suna ajiye ƙwayoyin bakteriya a wasu 'yan ƙulle-ƙulle na saiwa, masu ɗebo naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Yawancin itatuwa da ciyayin daji kuma suna dogara da wasu siraran zaruruwa 'yan dangin lemar kwaɗi, waɗanda masana ke kira maikoraiza, da ke shiga saiwa su miƙa cikin ƙasa suna jawo ruwa da fosfaras daga inda saiwar ba ta kai ba. Gara da tana suna huda ƙasar, iska da ruwa suna samun hanya. Kusan duk wannan rayuwa tana cikin taƙi ɗaya ko biyu na sama. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce santimita 1 na irin wannan ƙasa yana iya ɗaukar har shekara 1,000 kafin ya samu.

Tsohon birni bai kashe wannan ƙasa ba, duk da cewa ya wahalar da ita. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta zagaye ba. Sauran gonaki ne da lambuna. Gini na ƙasa ne, daga kududdufi aka haƙo shi, in ya rushe kuma ƙasa yake komawa. Shara toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigo da itacen girki birni su koma da taki zuwa gonakin da ke kewaye, gonakin da ake nomawa kowace shekara a ƙarƙashin ɗorawa da tsamiya da kuka da aka bari da gangan. Sunayen unguwanni ma shaida ne kan abin da ya taɓa tsayawa a wurin: Ɗorayi, Giginyu, Gawuna, Kurna, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Rimin Kebe. Yau mutum zai iya zaga wasu daga cikinsu da ƙafa ya sha wuya kafin ya ga itacen da aka sa wa unguwar sunansa.

Birnin zamani da katafila yake farawa. Rana ɗaya ta isa ta kankare ƙasar sama gaba ɗaya, ta tafi da irin da ke kwance a ciki, da kututture, da zaruruwan nan. Daga nan tifa ta kawo ciko: burji daga wani rami, ɓaraguzan wani gini, wani lokaci ma shara tsagwaronta, musamman in kududdufi ake cikewa. Manyan motoci su bi ta kai su danƙare ta. Ƙasar da aka danƙare ba ta shan ruwa; in an yi ruwan sama ya kwanta a kai ko ya gudu zuwa kwata, in rana ta fito ta bushe ta yi tauri. Saiwar gawo da ta saba nutsawa kai tsaye sai ta tarar da abin da ba za ta iya hudawa ba.

Bayan tauri, sai ɗanɗanon ƙasar ma ya juye. Siminti da ɓaraguzan bulo suna sakin farar ƙasa, tokar bola da ake ƙonawa kuma tana da kaifin kanwa, su biyun sai su kore ɗan tsamin da tsirran gida suka saba da shi. Binciken da aka yi kan tokar sharar gari da manoman rani na Jos ke zubawa a lambunansu ya nuna tana da wannan kaifi sosai, tana kuma ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa kamar dalma. A gefe guda ruwan kwata da fitsari da ragowar abinci suna jibge naitirojin da fosfaras a wasu wurare fiye da kima. Mutum zai zaci wannan alheri ne ga kowane tsiro. A aikace, wanda ya iya haɗiye taki da sauri ne ke cin riba. Namijin zaƙi-banza yana tsirowa, ya yi fure, ya zubar da dubban 'ya'ya cikin 'yan makonni, kuma danginsa ba su damu da maikoraiza ba sam. Tafasa tana fitowa a cunkushe, ta yi rumfa, ta hana na ƙasa ganin rana. Kafin ɗan marke ya fitar da ganye na huɗu an riga an binne shi a inuwa. A shekarar 2000 wasu masana uku, Mark Davis da Philip Grime da Ken Thompson, sun tsara wannan a matsayin ƙa'ida: wuri yana buɗuwa ga baƙin tsirrai ne a duk lokacin da abinci ko ruwa ko haske ya yi rara, babu mai amfani da shi. Bahaushe ya riga ya faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma guba. Majeman gargajiya na Kano da bagaruwa da toka suke jima. Masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai sun koma ga sinadarin kuromiyam, kuma shekara da shekaru ruwansu yana gangarawa rafin Salanta da kogin Challawa da rafin Getsi, wanda ke haɗuwa da Jakara. Nazarce-nazarce da dama, ciki har da na malaman Jami'ar Bayero, sun sami ƙarafa masu nauyi a ƙasar lambunan da ake bai wa wannan ruwa. A bakin titi akwai baƙin mai na garejin makanikai, akwai dalmar tsohon batir, akwai ta fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, amma dalma ba ta ruɓewa. Wadda ta sauka a gefen hanya shekara 30 da suka wuce tana nan. Irin wannan ƙasa tana raunana ƙananan halittun da itatuwan gida ke jingina da su.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganin haka ba, kuma misalin da ya fi fito da gaskiyar fili daga Jamus yake. Akwai wani itacen ƙasar Sin da masana ke kira Ailanthus altissima, wanda aka dasa a lambunan Berlin don ado. Sama da shekara 100 yana zaune lafiya inda aka ajiye shi, bai tsallaka ko'ina ba. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, birnin ya zama tudun ɓaraguzai masu farar ƙasa, busassu, masu ɗumi, sai itacen nan ya bazu a kansu da kansa. Itacen bai sake hali ba. Shimfiɗar da ta dace da shi ce ta samu. Masanin tsirrai Herbert Sukopp da ɗalibansa sun shafe shekaru suna bin waɗannan kangaye, kuma daga aikinsu ne ilimin muhallin birane ya sami gindin zama. A 1998 Petr Pyšek, masani daga ƙasar Cek, ya tattara jerin tsirran garuruwa 54 na tsakiyar Turai, ya sami cewa baƙi sun kai kusan kashi 40 cikin 100. A Amurka kuma an bi dazuzzuka iri ɗaya daga cikin New York zuwa karkarar Connecticut, tafiyar kilomita 140, aka ga ƙasar dazuzzukan birni ta fi dalma da tagulla, ta fi baƙin tana, zaruruwan lemar kwaɗi kuma sun ragu a cikinta.

Wani nazari na 2014 da Myla Aronson ta jagoranta ya duba tsirran birane 110 a faɗin duniya. Ya nuna cewa yawan nau'o'in gida a kowane yanki na birni bai wuce kashi 25 cikin 100 na abin da ake tsammani ba da a ce ba a gina wurin ba. Asara ce babba. Sai dai nazarin ya nuna wani abu mai ƙarfafa gwiwa: har yanzu mafi yawan tsirran da ke biranen na gida ne, kuma sun fi yawa inda aka bar wani yanki na tsohuwar ƙasa da ciyayinta ba a taɓa ba.

Ya kamata a yi wa baƙin nan adalci, musamman darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, yadda kowane gari ke kiranta. An kawo ta lardin Borno a 1928 daga ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma babu wanda ya taɓa zama a Maiduguri a watan Afrilu da zai raina ta. Tana rayuwa a burji, tana rayuwa a tsakuwa, tana jure fari, tana ba da inuwa a lokacin da ake matuƙar bukata. Da ita aka kafa mafi yawan shingen itatuwan da aka fara zagaye Yamai da shi a 1965, da ita aka tare iska a kwarin Majiya na Nijar daga 1975. Ta yi aikin da aka ɗora mata. Matsalar ita ce ta zama amsar kowace tambaya. Jemagu da tsuntsaye suna shan 'ya'yanta suna watsa ƙwallon, tana fitowa a jikin katanga da maƙabarta da bakin rafi, kuma a filayen Accra ta riga ta zama mai mamaye daji. Inuwarta mai duhu da saiwoyinta na gefe ba sa barin abu mai yawa a ƙarƙashinta. Gari mai itace iri ɗaya kuma yana cikin haɗari. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai maƙalewa a ganye ya auka wa darbejiya a yankin tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma wata cutar bushewa ta bi ta a Nijar da arewacin Najeriya. Da abin ya yi tsanani fiye da haka, da garuruwa da yawa sun wayi gari babu inuwa.

Akwai baƙon da ya fi ta ɓarna nesa ba kusa ba, wato ƙayar nan ta nahiyar Amurka mai suna Prosopis juliflora. An kai ta Sudan a 1917, aka dasa ta a kewayen Khartoum don tare yashi, ta bi dabbobi ta shiga gonakin noman rani na gabashin ƙasar, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da ita a 1995, abin da bai yiwu ba har yau. A Nijar an dasa ta a 1977 a gefen tafkin Chadi, da ruwan ya ja baya sai ta cinye dubban ɗaruruwan hekta na ƙasan tafkin. Ita ma sabuwar ƙasa ce da babu mai ita ta samu.

Kada kuma a ɗauka mamaya halin tsirran wasu nahiyoyi ne kawai. Gamba, wadda ake saƙa zana da ita, an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 don kiwo. A can ta zama annoba mai hura gobarar daji, har aka sa ta a jerin miyagun ciyayi na ƙasa a 2012. A gida ma kachala ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa da tafiya. Tumfafiya da tsidau da ƙarangiya 'yan gida ne, amma suna bin ƙasar da ta gaji, kuma manomi na ganin tumfafiya ta yi yawa ya san gonar tana neman hutu. Rabon da ƙasar birni ke yi, ashe, tsakanin masu jure wulaƙanci ne da masu bukatar ƙasa mai rai. Abin baƙin cikin shi ne itatuwan da ke ba da kalwa da kuka da ɗinya da kanya da maganin gargajiya kusan duk suna rukuni na biyu.

A nan ne gangamin dashen itatuwa na shekara-shekara ke yin tuntuɓe. Ana ƙirga tsirran da aka raba, ba a tambayar ramin da za su shiga. Ana fasa ɗan rami a cikin burji ko tsakanin intalok, a zura tsiro da ƙasar ledarsa, a zuba ruwa bokiti guda. In gawo ne ko maɗaci, sau da yawa ba ya ganin damina ta biyu. Sai a yanke hukunci cewa itatuwan gida ba sa yi a birni, a koma ga darbejiya da turare ɗan Ostareliya da dogayen itatuwan adon nan na Indiya da Madagaska da suka cika titunan Abuja. Hukuncin bai yi adalci ba, domin ba a gwada itacen a ƙasa ba, a ciko aka gwada shi. Tsofaffin maɗatai da ke bakin tituna a unguwannin Turawa na dā a Kano da Kaduna da Zariya hujja ce cewa itacen gida yana yi a birni in ya sami inda zai sa saiwa.

Darasin Maraɗi yana da amfani a nan. A can ne, a 1983, wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Da manoma suka fara barin toho ɗaya ko biyu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da gandun reno ba. Hakan ya yiwu ne saboda ƙasar, duk da gajiyarta, ba a kwashe ta ba. Fulotin da katafila ta bi ba shi da wannan ajiya. Saboda haka wuraren da suka rage da tsohuwar ƙasarsu a cikin birni sun fi kowace sabuwar shuka daraja: tsofaffin maƙabartu, abin da ya saura na jikin ganuwa, gangaren Dala da Goron Dutse, harabar tsofaffin makarantu da barikoki, filayen idi, bakin rafuka. A can ne ake iya tarar da magarya da aduwa da kurna da kalgo da sabara suna fitowa da kansu. Ana kallon su a matsayin filin banza da ke jiran mai saye, alhali su ne rumbun irin garin. Duk tifar ƙasa da aka yanka daga ganuwa, tarihi ya tafi, iri ma ya tafi.

Gyaran ba ya bukatar fasahar da babu ita. Hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, da takwarorinta na sauran jihohi suna iya sa sharaɗi a takardar izinin manyan gine-gine cewa a kankare ƙasar sama a tara ta gefe, a mayar da ita in an gama, kamar yadda ake yi a ƙasashe da dama. Kwangilar titi tana iya ƙunsar ramin itace mai faɗi da zurfi, wanda aka fasa taurinsa, aka cire ɓaraguzai, aka haɗa da ruɓaɓɓen taki da 'yar ƙasa daga gindin tsohon itace irinsa domin ƙananan halittun su biyo. Shara mai ruɓewa, in an raba ta da leda da batir, ita ce takin da jakuna suka riƙa ɗauka a dā. Inda ƙasa ta sha guba kuwa, gaskiya ita ce a bar masu juriya su riƙe ta, a hana noman ganyen miya a kai har sai an auna. Ba kowane wuri ne za a mayar da gawo ba, kuma tumɓuke darbejiyar da ke ba unguwa inuwa kafin a sami magajinta wauta ce.

Abin da ya fi gaggawa shi ne a san me ya rage. Akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, akwai tashoshin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya a Kano da Samaru. Ɗaliban digiri na farko ma za su iya bin unguwa-unguwa su rubuta abin da ke tsirowa, su auna tsamin ƙasa da taurinta, su tambayi masu maganin gargajiya da tsofaffin mata wane ganye ne suke tsinka a bayan gida dā wanda yanzu sai an sayo daga ƙauye. Daga nan a yi wa manyan itatuwan da suka saura alama a matsayin iyayen iri. Lokaci ma yana da muhimmanci. 'Ya'yan gawo da rani suke nuna, ƙwallonsu mai tauri ne, sai an karce shi ko an jiƙa a ruwan zafi kafin ya tsiro, sannan tsiron yana bukatar watanni a doguwar leda don kada saiwar ta nannaɗe. Gwamnatin da ke son dasa gawo a watan Yuli dole ta saki kuɗin tattara iri tun watan Janairu.